Kujerar Surukina

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Allo na yi, sai ɗan yaƙi da jahilci da na leƙa a Kazaure kafin in bar gida, don haka mai neman zance mai ado ya nemi wani. Labarin kujera zan bayar, kujera mai lilo, da irin wahalar da na sha a kanta a Madina a farkon shekarun tamanin.

Lokacin na riga na daɗe a garin. Na yi dako a kasuwar dabino, na yi shara a gidan saukar alhazai, daga baya na samu wani Bayamale, mutumin Yaman, mai ƙaramar motar kaya ya zama kafilina, wato da sunansa aka yi mini takardar zama. Shi ke tuƙi, ni ke lodi da saukewa. Firiji, katifa, kabad, duk abin da Balarabe ya sayo ko ya gaji da shi, a gadon bayana yake hawa bene. Ina zaune a unguwar Jurf da maiɗakina Uwani, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. In ka fito ƙofa kana hangen dutsen Uhudu.

A nan surukina ya same mu. Sunansa ba zan rubuta ba, ban taɓa faɗarsa da bakina ba, Baba nake ce masa. Ya zo Umara da azumi, da aka yi salla ya ce shi ba inda za shi. Ya aurar da na aurarwa, gona ta koma hannun 'ya'ya, abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya cika a Madina a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Bai ɓoye wa kowa ba. Muka ba shi ɗaki ɗaya.

Wanda bai san mu ba zai ce ba ma shiri. Shekara da shekaru ina auren 'yarsa ta fari, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kan tabarmarsa ba. In zan gaishe shi, a bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Shi ma ba ya kiran sunana Haruna, Malam yake ce mini, ni da ko rabin Alƙur'ani ban kai ba. Uwani kuwa "yarinyar nan" ce, duk da furfurarta. Haka muka taso muka gani, zama cikin Larabawa bai canja mana shi ba.

Da sanyi ya shigo, ciwon ya fito fili. In ya kwanta, numfashi ya tokare masa a ƙirji, sai ya zabura ya zauna yana haki. Muka jera masa matasai, su zame. Ya jingina da bango, baya ya ƙage. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Mutumin da kullum sai ya bi motar haya ya je Harami ya koma ko masallacin unguwa ba ya iya kaiwa. Ba ciwon ne ya fi cin sa ba, rashin barci ne. Idanunsa suka faɗa, magana ta soma kufce masa.

Ana haka ƙanen Uwani, Sule, ya aiko da kaset ta hannun wani ɗan kasuwa. Bayan gaishe-gaishe ya ce ya ji labari, kuma bana zai zo aikin Hajji. In ya tarar da Baba a wannan hali, da shi zai koma gida, ba zai bar mahaifinsu ya wulaƙanta a ƙasar mutane ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya sa yatsa ya kashe rediyon.

Uwani ta same ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ka san Sule. In ya gan shi haka, ba mai hana shi."

Na san Sule.

Unguwar Aziziyya muka fara zuwa, wurin wani likita ɗan Misra, ƙato, mai dariya da ciki. Ranar benci ya cika, ga Baba yana tangaɗi, sai likitan ya leƙo ya ce a shigo da shi ya jira a ofishinsa. A gefen taga akwai wata kujera. Ban taɓa ganin irinta ba, ni da kujera ce sana'ata. Kujerun Larabawa manya ne, sassaƙa ko'ina, da ruwan zinari. Wannan siririya ce, ba ado ko ɗaya, katako sumul mai launin zuma, mazauninta saƙar igiya. Maimakon ƙafafu su taka ƙasa, kan wasu lanƙwasassun sanduna biyu take tsaye, kamar baka. Baba ya zauna a ɗarare. Kujerar ta ɗan kwanta baya da shi, ta dawo, ta sake komawa. Kafin likita ya gama da mai ciwon da ke gabansa, Baba ya yi barci, baki buɗe, carbi ya faɗi ƙasa.

Na miƙe zan tashe shi, likita ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, ya hajj. Wannan ta fi allurata."

Da ya gama rubuta magani na tattaro ɗan Larabcina na ce ya sayar mini. Ya yi dariya har kujerar da yake kai ta yi ƙara. Ya ce daga Danmak ya ɗauko ta a jirgin ruwa lokacin da ya gama karatu, matarsa ma ba ya bari ta zauna a kai. Ya ce in je in nemi kursi hazzaz, haka suke kiranta, amma in nemi ta asali, don akwai na kwaikwayo. Ta asali tana da hatimi a ƙarƙashin mazauni.

Daga nan sai haraji, kasuwar gwanjon tsofaffin kaya da ke ci bayan la'asar. Na san wurin, kaya muke ɗauka daga can, amma ban taɓa zuwa a matsayin mai saye ba. Na yi ta zagaye tsakanin tsofaffin fankoki da darduma ina cewa kursi hazzaz, ana kallona kamar na ce a sayar mini da jirgi. Yammaci bayan yammaci ina komawa. Rannan wani dillali baƙar fata ya kira ni da Hausa.

"Ya ɗan uwa. Zo, taal."

Haifaffen Madina ne, kakanninsa daga Kano suka zo a ƙafa, Hausarsa rabi Larabci. Abu Nasir ake ce masa. Wanda ya daɗe a baƙon wuri ya san abin da kalmar ɗan uwa take yi wa mutum. Ya ja ni bayan wani shago ya yaye bargo, sai ga ta. Siririya, saƙar igiya, sanduna biyu kamar baka. Har ta fi ta likita ƙyalli. Ya kifa ta ya nuna mini hatimi da rubutun boko.

"Wallahi asli. Daga gidan wani injiniya ta fito."

Na tattare riga zan zauna in gwada, sai ya ce, "Wa za ka saya wa?"

Na ce, "Surukina ne ba lafiya."

Ya ja da baya, ya dafe ƙirji. "Suruki? Kuma za ka zauna? La, la. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ce Bahaushe ba ya zama wurin zaman surukinsa. Aib ne. Ko ku can gida kun bari yanzu?"

Kunya ta rufe ni. Yaron da bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba shi ke tuna mini al'adar gidanmu. Na saki riga. Na sa hannu na tura kujerar, ta yi gaba ta yi baya, lafiya lau. Na biya abin da ya faɗa, na ɗora ta a ka har Jurf.

Baba ya shafa hannunta ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam. Allah ya ba ka masu yi maka." Ya hau. Ni kuma na fice, don ba na tsayawa ina kallonsa.

Kowace safiya in na durƙusa a ƙofa, a kan kujerar nake samunsa.

"Baba, an samu barci?"

"Alhamdu lillahi, Malam."

Amma idanun ba su ciko ba, sai ƙara faɗawa suke. Na ce ko ciwon ne ya yi gaba. Na tambayi Uwani, ta ce da sauƙi, ta kau da kai.

Wata rana da tsakar rana igiyar ɗaure kaya ta tsinke mana, na biyo gida in ɗauki wata. Ba lokacin dawowata ba ne. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take. Baba yana ƙasa, ya jingina da bango kamar da, kujerar kuwa rawaninsa ne a kanta. Da ya ji sallamata sai na ga ya dafa bango yana kokawar tashi, yana jan kumburarrun ƙafafun nan zuwa wurin kujera, don kada in gan shi a ƙasa. Na yi kamar ban gani ba, na wuce. Na daɗe a tsaye a ƙofar gida da igiya a hannu.

Ranar Uwani ta faɗa mini gaskiya. Kujerar gaba take tunkuɗa shi. Da zarar barci ya ɗauke shi jiki ya saki, sai ya zame, dole ya tokare da ƙafa, ƙafar da ko taɓa ta ba ya so a yi. Tun ranar farko bai runtsa a kanta ba. In ya ji motsina da safe ya hau, in na fita ya sauka.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, ba a mayar wa suruki da kyauta."

Na koma haraji neman Abu Nasir. Na same shi, ya dube ni sama da ƙasa, Hausar ta ɓace masa ranar gaba ɗaya. Ban yi rigima ba. Baƙo mai takardar wani ba ya rigima da ɗan ƙasa.

Sultana na kai ta, layin kafintoci, ko za a gyara. Na ajiye ta a ƙofar wani dattijo mutumin Sham da muke ɗaukar wa kaya. Ya zagaya ta, ya kifa ta, ya yi tsaki.

"Ni na yi wannan. Ga irin ƙusata."

Ya ce a wata mujalla ya ga hotonta, ya yi guda kaɗan, kuma duk wanda ya saya sai da ya gaya masa taklidi ce, wato kwaikwayo. Hatimin ba nasa ba ne, tawada ce. Ya lashi yatsa ya goga, gefen rubutun ya goge.

"Zauna ka ji inda take damun sa," in ji shi.

Na ce ba zan iya ba, surukina ya riga ya zauna a kai. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya zauna da kansa. Ya saki jiki, sai ga shi yana zamewa gaba, ya tokare da ƙafa. Ya tashi yana kaɗa kai.

"A hoto ba a ganin yadda mazauni ya kwanta. Da ka na yi shi."

Ya ce gyara ba zai yiwu ba sai da ta asali a gabansa ya auna, likita kuwa ba zai ba da aron tasa ba. Amma in da gaske nake, in tafi Yanbu, bakin teku. Turawan da ke gina tashar jiragen ruwa da matatar mai can suke zaune, tunda ba sa shiga Madina. In kwangilarsu ta ƙare, kayan gida suke sayarwa su tafi. Ya koya mini abin da zan duba: ba ƙusa, katako ne ke shiga cikin katako, hatimi ƙone yake a jikin itacen kamar shaidar da ake yi wa raƙumi, sandunan ƙasa sun fi tsawo ta baya.

"Sannan ka zauna, ya Haruna. Kujera da gindi ake sayenta, ba da ido ba."

A wancan zamani ma'aikaci baƙo ba ya fita daga gari zuwa gari sai da takardar izini daga kafilinsa. Bayamalena ya ce in je in dawo, amma takarda ba zai rubuta ba, in aka kama ni bai san ni ba. Na sayar da rediyon kaset ɗin nan da agogona. Alhazai sun fara sauka a gari, Sule na hanya.

Wani Basudane mai suna Usmanu, direban babbar mota da ke ɗauko siminti daga Yanbu, shi ya ɗauke ni. Dogo ne, ba ya magana sai dole. Da muka kusa shingen 'yan sanda wajen Badar ya tsaya ya ce in koma baya in shiga ƙarƙashin tamfol. Ƙarfen motar ya sha rana, ƙurar siminti ta cika mini hanci, ga tari yana taso mini ina danne shi da hula. Ina jin takun ɗan sanda yana zagaya mota. A nan, ban san dalili ba, Kazaure ta faɗo mini. Ruwan farko in ya sauka kan dutse, ƙamshin ƙasa, mahaifiyata tana kwashe shanya da gudu tana kiran sunayenmu. Na yi shekaru ban ji ruwan sama mai ƙarfi ba. Ina kwance ina tambayar kaina, ni da furfura a gemu, me ya kawo ni ƙarƙashin tamfol a ƙasar mutane saboda kujera. Motar ta tashi, na saki tarin.

Yanbu gumi ne da warin kifi. Iskar ba irin ta Madina ba ce, tana manne wa mutum a jiki. Usmanu ya sauke ni ya ce jibi zai juya, in na makara in san yadda zan yi. Gidajen Turawan a bayan gari suke, cikin shingen waya, kowace ƙofa da maigadi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kore ni tun kafin in buɗe baki. Wani ya ɗauka bara na zo, ya miƙo mini guntun burodi, na karɓa na ci, don yunwa nake ji. Wani ya kai ni wurin tarin kayan da aka zubar, na samu kujerun roba da karyayyen keken yara. A masallaci na kwana, takalmina a ƙarƙashin kai.

Washegari Juma'a. Bayan an idar ina zaune a inuwar masallaci, ƙafafuna sun yi bororo, na cire takalmi ina dubawa, na ce a fili, "Kai, duniya." Sai na ji daga bayana an ce, "Wane na nan ka kiran duniya da Hausa?"

Gajere ne, kakkaura, da farar riga tas. Sunansa Mati, mutumin Tawa ta Nijar, kuku ne a gidan wani Bature. Bai tambaye ni komai ba sai da ya kai ni ɗakinsa a bayan kicin ya ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Kukar da daddawar a gwangwanin madara yake ɓoye su, don uwargidan ba ta son warin. Na ci har na ji kunya. Sannan na ba shi labari tun daga farko.

Ya yi dariya har da hawaye a wurin Abu Nasir. "Ɗan banza. Da al'adarka ya yanke ka."

Ya ce maigidansa ba shi da irinta, amma maƙwabtansu suna haɗa kaya, kuma ya sha ganin wata a barandarsu. Ya sa mini farar hular kuku, ya ce wa maigadi mataimakinsa ne ni, muka shiga.

Sai ga ta a barandar. Tsohuwa ce. Ba ƙyalli ko kaɗan, igiyar ta yi toka-toka, hannuwan sun koɗe inda ake dafawa, ƙarshen sanda ɗaya duk shaidar haƙori. Ta Abu Nasir ta fi ta kyau nesa. Na kifa ta. Ba ƙusa. Ga hatimi ƙone a jikin katako, na lashi yatsa na goga, bai motsa ba. Matar gidan, wata doguwar Baturiya mai tabarau, tana tsaye tana kallona. Mati ya yi mata bayani da Turancinsa na kicin, ta ce za ta sayar, dama ba za su iya ɗaukar ta ba.

Mati ya ce, "To, zamna."

Na ce, "Ta surukina ce."

"Ka biya?"

"Ban biya ba."

"To ta Nasara ta. Karenshi ma shina hawa, ga haƙoranshi nan. Kai mi ka fi kare laifi? Zamna, in ka biya ta zama ta tsoho."

Na tsaya ina juya maganar, ban ga inda ta karkace ba. Na tattare riga na zauna.

Ban san yadda zan faɗe shi ba. Mazaunin ya ja ni ciki, bayana ya samu wuri tun daga ƙugu har wuya, ƙirjina ya buɗe. Na ɗaga ƙafa don in gani ko za ta tunkuɗa ni, ba ta tunkuɗa ba, ta riƙe ni kamar yadda ake riƙe jinjiri. Shekara nawa ina ɗaukar kujerun mutane a baya, ban taɓa sanin haka suke ji ba. Na ce bari in ɗan saki jiki yadda mai barci ke yi, in tabbatar.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Ba kowa a barandar. An ajiye mini kofin ruwa a gefe, ƙanƙarar ta narke. Mati ya leƙo yana washe baki, ya ce uwargida ta hana a tashe ni, ta ce mutumin nan ya gaji. Abin da ke aljihuna bai kai yadda ta faɗa ba, ta karɓa haka nan. A famfon bayan kicin muka wanke kujerar da ƙasa da ruwa saboda karen. Mati ya ba ni ƙullin kuka ya ce in kai wa tsoho.

Dawowa ba wurin ɓuya. Motar cike take da siminti, ni ina sama, na naɗe kujerar da bargo da babbar rigata, na rungume ta kada iska ta fizge. A shingen Badar ɗan sanda ya ɗaga kai ya gan ni. Saurayi ne, siririn gashin baki. Ya ce in sauko da takardu. Na ba shi ta zama. Ya ce ta tafiya fa. Na ce babu. Usmanu ya kafa ido a sitiyari.

"Mene ne wancan?"

Na gaya masa da guntun Larabcina. Tsoho, uban matata, ƙirji, ba ya kwanciya, ba ya barci. Yana son ya mutu a Madina. In bai samu barci ba ɗansa zai mayar da shi Nijeriya.

Ya hau taya ya ɗaga bargon, ya daɗe yana kallo. Ya sauko ya miƙo mini takardata.

"Tafi. Ka ce ya yi wa mahaifiyata addu'a, ita ma ba ta barci."

Da hantsi na isa Jurf, fari fat da siminti. Na yi wanka, na goge kujerar, na kai ta bakin ƙofarsa na durƙusa. Yana kan ta Abu Nasir, ya ji motsina ya hau. Ya dubi sabuwar, wadda ba sabuwa ba, ya dubi shaidar haƙoran, ya dube ni.

"Malam, wannan ai sa'ata ce."

"Ita ce ta asalin, Baba."

Sannan ya yi mini tambayar da ban zata ba.

"Ka zauna a kanta?"

Na sunkuyar da kai. Uwani tana bayana, na ji ta daina motsi.

"Na zauna, Baba. Amma kafin in biya."

"Yaya ka ji?"

"Barci na yi."

Sai ya yi dariya. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa jin dariyarsa a kusa ba. Ta ƙare da tari, amma dariya ce.

"Da ka yi haka tun farko, da ka hutar da mu hawa da sauka. Yarinyar nan, kama ni."

Uwani ta kama shi ya koma kan kujerar da na kawo. Na isar da saƙon ɗan sandan, Baba ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kujerar tana kai shi tana dawo da shi. Bai kai ga shafawa ba. Muka ja ƙofa muka zauna a tsakar gida muna jin minsharinsa. Azahar ta wuce. Sai da la'asar ta kusa Uwani ta shiga ta tashe shi, ya buɗe ido ya ce wa ya ce a tashe shi.

Ba warkewa ya yi ba, kada in yi ƙarya. Amma da barci ya samu, maganin likita ya fara kama shi, kumburin ya sauka har takalmi ya shiga. Da Sule ya iso, a kan kujera ya same shi yana shan shayi da na'ana'a, washegari kuma tare suka je Harami. Duk da haka Sule ya gwada. Ina daga waje ina ji.

"Baba, gida ya fi. Ga jikoki, ga kowa."

"Ka gaishe su. Ni na samu wurin zama."

Sule ya koma shi kaɗai.

Baba ya ƙara azumi ɗaya tare da mu. Wata safiya bayan ya karya kumallo, Uwani ta shiga ɗaukar kwano ta tarar kujerar ta tsaya. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a a kafaɗa.

Kujerar tana nan a ɗakin. Dattijon Sultana ya zo ya auna ta, yanzu nasa ba sa tunkuɗa mutane, kuma har yau yana gaya wa masu saye taklidi ne. Bayana ya lalace da dako, wani lokaci in dawo ko sunkuyawa ba na iyawa. Uwani takan ce, "Malam, ka hau mana, ai ba ya nan." Nakan ce to. Sai in jawo ta Abu Nasir, in tura bulo a ƙarƙashin gabanta, in zauna ina kallon waccan.